Baba ya ce gara mutuwa da a taɓa masa maraina

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ne ɗan fari a gidanmu, shekarata 43. Mahaifinmu manomi ne mai shekara 69, wanda a da ko zazzaɓi bai cika kwantar da shi ba. Kusan shekara biyu ke nan yana tashi fitsari sau biyar sau shida a dare, muna cewa sanyi ne ko basir. Wata biyu da suka wuce fitsarin ya tsaya cak, aka sa masa roba a babban asibitin garinmu, tun ranar bai sake zuwa masallaci ba. Ya rame, bayansa da ƙugunsa suna hana shi barci. Gwajin jini na PSA ya nuna 214. Likita ya duba shi ta dubura, ya ce wurin ya yi tauri, yana zargin kansa ce, sai an ɗebi tsoka an gwada. Ya ce in ta tabbata, ko dai allura duk wata uku har iya rai, ko a cire 'ya'yan maraina. Baffanmu ya ce daji ba ya son ƙarfe, kada a taɓa. Ƙanena da ke Abuja ya ce a sayar da gona a kai shi Misira. Mun ɓoye wa Baba zancen kansa, amma da ya ji ƙishin-ƙishin tiyatar sai ya ce gara ya mutu. Albashina bai taka kara ya karya ba. Ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara, kai kuma Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da ka ɗauka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciwon bayan nan mai hana barci. Da shi zan fara, domin ko sauran bayanin ya sha maka kai, wannan kam ina so ka riƙe shi.

Ka riƙa lura da ƙafafun Baba safe da yamma. In ya ce sun yi masa nauyi, ko yana jin kamar kiyashi na yawo a cikinsu, ko ka ga yana jan ƙafa, takalmi na suɓuce masa bai sani ba, ko ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi, ko bayan gida ya fara kufce masa, to a ranar nan, ko da tsakar dare ne, a kai shi sashen gaggawa na asibitin koyarwa mafi kusa da ku. Wannan cuta ƙashi take fara nema in ta bar gidanta, musamman ƙashin baya da na ƙugu. Idan ta taru a ƙashin baya tana iya danne lakar da ke ɗauke da saƙo zuwa ƙafafu, kuma damar ceto lakar ba ta wuce kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya iso asibiti da ƙafarsa, galibi yakan ci gaba da takawa. Wanda ya kwana biyu a shanye, da wuya ƙafar ta dawo.

Ba na manta wani dattijo da 'ya'yansa huɗu suka shigo da shi cikin bargo, kowa riƙe da kusurwa guda. Kwana tara ke nan da ƙafafunsa suka fara yin sanyi, suna wajen mai ɗori ana murza bayan da man shanu. 'Ya'yan kirki ne, abin da suka rasa kawai shi ne wanda zai faɗa musu abin da nake faɗa maka yanzu. Ciwon ya lafa da magani, tsohon ya dawo cin tuwonsa har ya murmure, amma bai sake taka ƙasa ba. Don haka kada a murza bayan Baba, kada a yi masa ƙaho ko sakiya a wurin.

To, mece ce cutar? A rediyo za ka ji ana cewa kansar mafitsara, amma ba jakar fitsarin ce ta kamu ba. Wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, likitoci na ce mata furostet. Girmanta kamar goro guda, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye bututun fitsari kamar zobe a yatsa, aikinta kuwa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Da girma ya kama namiji takan ƙara girma ta matse bututun, sai fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ana yawan tashi da dare. A wajen yawancin dattawa wannan kumburin tsufa ne kawai, ba kansa ba ne, kuma ana maganinsa. Na faɗi haka ne don kada mai karatu ya ji mahaifinsa na tashi fitsari ya firgita. A kai shi a duba shi, shi ke nan.

PSA wani sinadari ne da furostet ke fitarwa cikin jini. Ƙasa da 4 akan ɗauke shi lafiya lau. Tsakanin 4 da 10 akwai shakka, domin cikin maza huɗu masu irin wannan lamba kusan ɗaya ne ake samu da kansa in an gwada tsoka. Ciwon sanyin mafitsara, tsayawar fitsari, har da sa roba, duk suna iya ɗaga shi. Amma ba zan yi maka rufa-rufa ba: 214, ga tauri da likita ya ji da yatsansa, ga rama, ga ciwon baya na dare, alamu sun yi ƙarfi cewa kansa ce kuma ta kai ƙashi. Likitanku ya yi daidai da ya faɗa maka gaskiya, Baba kuma ya yi ƙoƙari da ya yarda aka duba shi ta dubura. Maza da yawa nan suke tirjewa su bar asibiti, alhali ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yatsan ƙwararren likita a minti ɗaya yakan gano abin da za a kashe dubban nairori wajen nema.

Ku cire wa ranku cewa wani abu Baba ya yi ya jawo ta. Ba yawan aure ba ne, ba rashinsa ba ne, ba sanyi ba ne, ba jifa ba ne. Shekaru ne, da gado, da kasancewa baƙar fata. A Ingila an ƙiyasta cewa namiji ɗaya cikin takwas zai gamu da ita a rayuwarsa, amma a cikin baƙaƙen fata ɗaya ne cikin huɗu. A Najeriya ita ce kan gaba a kansar maza. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2020 ya nuna sababbin kamuwa sama da 15,000 a shekarar, da mace-mace sama da 8,000. Yawan mace-macen nan daga makara yake, domin akasarin dattawanmu sai fitsari ya tsaya ko baya ya hana barci sannan suke isowa.

Daga wannan makarar ce maganar Baffa ta samo asali, kuma kada ka raina shi a kanta, abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Ya ga an kai mutum asibiti, an soka masa allura an ɗebi tsoka, bayan wata biyu aka yi jana'iza. Abin da bai gani ba shi ne cutar ta shekara da shekaru tana cin mutumin kafin ya taka ƙofar asibiti. Ƙarfe bai tashe ta ba, ya dai iske ta ta gama ɓarna. Yadda ake ɗibar tsokar kuwa: za a ba Baba maganin kashe ƙwayoyin cuta tukuna, ya kwanta ta gefe, a kashe zafin wurin, a shigar da siririyar allura ta dubura a tsinko 'yan zare-zaren tsoka kamar goma zuwa goma sha biyu. Inda akwai sikanin da shi ake saita allurar, inda babu kuma furostet ɗin ta yi tauri ko'ina, likita na iya saitawa da yatsa. Ranar zai koma gida. Zai iya ganin jini kaɗan a fitsari ko bayan gida na 'yan kwanaki, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne zazzaɓi da rawar ɗari bayan an yi, in ka ga haka ku koma nan take. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ku faɗa tun kafin ranar.

Ka bi sawun kwalbar tsokar da kanka. Ka san ɗakin gwajin da aka kai ta, ka karɓi rasit, ka tambayi ranar fitowar sakamako, ka je ranar. Na sha ganin sakamako ya fito yana kwance a cikin fayil wata guda, iyali na gida suna jiran a kira su. A takardar za ka ga wata lamba da ake kira Gleason, sunan likitan Amurka da ya tsara ma'aunin a shekarun 1960. Tana kamawa daga 6 zuwa 10: shida mai tafiyar hawainiya ce, takwas zuwa goma masu gaggawa ne. Wannan takarda ka yi mata kwafi uku ka adana, domin duk inda za ku nemi magani ko tallafi ita za a fara tambaya. Idan kuwa sakamakon zai ɗauki dogon lokaci alhali Baba na cikin azaba, ko ƙafa ta fara rauni, ko ƙoda ta fara toshewa, likita na iya fara magani ba tare da jira ba. Da PSA irin wannan da hoton ƙashi mai nuna cutar, hakan karɓaɓɓe ne a aikin likita.

Game da sauran gwaje-gwaje, kada kuɗinku ya ƙare a ɗaukar hoto. Waɗanda ba makawa su ne gwajin ƙoda, gwajin yawan jini, sikanin na ciki don a ga ko fitsari na komawa baya yana kumbura ƙoda, da hoton ƙashin baya da na ƙugu, irin na eksire da ake yi a kusan kowane babban asibiti. Wannan kansar takan fito a hoton fari-fari, kamar an yayyafa farar ƙasa a kan ƙashi. In ta fito haka, an san matsayinta. Manyan hotuna irin su MRI da hoton ƙashi na nukiliya suna da amfaninsu, musamman in ana shakkar ko ta bazu, ko ana zargin laka ta danne. Amma duk gwajin da aka rubuta mai tsada, ka tambayi likita cikin ladabi: ranka ya daɗe, sakamakon wannan zai canza maganin da za a ba shi? In ya ce a'a, ku ajiye kuɗin don magani.

Yanzu ga ainihin tambayarka. A 1941 wani likita a Chicago mai suna Charles Huggins ya nuna cewa wannan kansar da sinadarin mazakuta take rayuwa, wato testosteron, wanda kusan dukkansa maraina ne ke yin sa. Ya ga marasa lafiya da ciwon ƙashi ya kwantar sun miƙe bayan an raba cutar da wannan sinadari, kuma a kan haka aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Har yau, a Landan ko a Alƙahira ko a Zariya, wannan shi ne maganin farko na wadda ta bazu: a yanke mata abinci. Kamar ka janye itace daga murhu ne. A cikin mutum goma, takwas zuwa tara sukan samu sauƙi na zahiri, ciwo ya ragu, PSA ya sauko, cin abinci ya dawo. Da yawa ma furostet ɗin takan saki har a cire musu roba bayan wata ɗaya zuwa uku, wanda bai samu haka ba kuma akan kankare masa hanyar ta cikin bututu.

Hanyoyin janye itacen biyu ne, kuma abin da nake so kai da Baba ku fahimta shi ne ƙarshensu ɗaya. Allurar, wadda za ka ga an rubuta goserelin ko Zoladex ko wata 'yar uwarta, umarni take ba ƙwaƙwalwa ta sa maraina su daina aiki. Suna nan a jiki amma sun yi shiru, har sukan ƙanƙance. Duk abin da Baba ke gudu daga tiyata, allura ma za ta kawo shi: sha'awa za ta tafi, ƙarfin kusantar iyali zai ragu ƙwarai ko ya tafi, zai riƙa jin zafi da gumi na taso masa lokaci-lokaci, ga kasala, ƙashi kuma yakan yi rauni da daɗewa. Wanda ya zaɓi allura don ya tsira da wannan ɓangaren na rayuwarsa, ba a yi masa cikakken bayani ba. Fa'idar allura ta gaskiya ita ce ba a yanka komai, kuma in an daina jiki na iya farfaɗowa. Wannan yana da muhimmanci ga wanda cutarsa ba ta bazu ba, wanda za a yi wa gashi da na'ura, wato a ƙona cutar da haske mai ƙarfi, a haɗa masa da allurar shekara biyu zuwa uku sannan a tsaya. In bincike ya nuna ta Baba ba ta bazu ba, to kada a yi gaggawar cire komai, a nemi a tura ku wajen likitocin mafitsara da na kansa su zauna a kai. Amma ga wadda ta kai ƙashi, babu ranar dainawa.

Akwai kuma wani abu da allurar farko ke yi: a mako ɗaya zuwa biyu na farko takan ɗaga testosteron sama kafin ta kayar da shi. Ga mai cuta a ƙashin baya wannan haɗari ne, shi ya sa ake haɗa ta da ƙwayar bicalutamide na 'yan makonni a tare wannan tashin. In an zo yi wa Baba allurar farko babu wannan ƙwaya, ka tambaya. Haka kuma ƙwayar ita kaɗai ba ta isa magani ba, ko da wani mai kantin magani ya ce maka ta fi araha.

Ita kuwa tiyatar, ƙaramar tiyata ce. Ba sai an sa shi barci ba, wurin ake kashewa da allura, aikin kamar rabin awa, ya kwana ɗaya ko ya koma gida ranar. Ba a taɓa al'aurarsa, ba a cire jakar. Akwai ma salon da likitoci ke yi, su kwashe tsokar ciki mai yin sinadarin su bar ɓawon, yadda in ya warke zai ji akwai abu a wurin. Ka tambaya ko za a yi masa irin wannan. Muryarsa ba za ta canza ba, gemunsa na nan, in ya fita cikin babbar rigarsa babu mai sanin komai sai wanda ya faɗa wa. Cikin kwana guda sinadarin ya faɗi ƙasa, babu tashin farko irin na allura, shi ya sa wasu kan ji ciwon ƙashi ya fara sassautawa tun ɗinki bai warke ba. Illarta ita ce ba a mayar da abin da aka cire.

Ga abin da nake so ka yi da biro da takarda. Ka je kantin maganin asibiti ka tambayi kuɗin allurar wata uku ta yau. Ka ninka sau huɗu, ka ƙara kuɗin mota da na gwajin PSA da za a riƙa yi duk wata uku. Abin da ya fito ka sake ninka shi sau uku, tunda muna fatan Allah Ya ba Baba shekaru. Ka tuna daga waje ake shigo da ita, in dala ta motsa ita ma ta motsa, wani lokaci kuma a neme ta a rasa. Ba ta son zafin da ya haura digiri 25, don haka wadda ta yini a kantin da ba sanyi a watan Afrilu ba abin dogaro ba ce. Sai ka ɗora jimillar kusa da albashinka da abin da 'yan'uwanka za su iya bayarwa kowane wata ba fashi, ba abin da suka yi alkawari cikin kuka ba.

Na faɗi haka ne saboda labarin da nake gani ya maimaita kansa. Allura ta farko kowa ya kawo gudummawa. Ta biyu an sayar da rago. Ta uku ta makara da wata biyu. Ta huɗu ba a yi ba, tsoho ya ce ai ya ji sauƙi, a bar yara su huta. Sinadarin ya dawo, cutar ta farka, bayan wata shida a dawo da shi ba ya iya zama, gona kuma ta tafi. Saboda haka ra'ayina, in an tabbatar ta bazu kuma kuɗin gida irin wanda ka kwatanta ne, tiyata ta fi muku. Kada ka ɗauke ta maganin talaka da aka haƙura da shi don babu, ƙarfinta daidai yake da na allura, kuma ba ta yankewa don wata ya yi nisa. Da mahaifina ne, ita zan roƙe shi ya karɓa.

Roƙo na ce, domin jikin na Baba ne. A nan ne nake ganin kun yi kuskure, duk da na san tausayi ne ya sa. Kun ɓoye masa sunan cutar, sannan ya tsinci labarin za a cire masa maraina. Sa kanka a matsayinsa: dattijon da a saninsa fitsari ne kawai ya tsaya masa, sai ya ji 'ya'yansa na ƙus-ƙus za a yi masa abin da ya san ana yi wa bunsuru. Wa zai yarda? Cewar da ya yi gara ya mutu amsa ce ga rabin labari. Mutumin da ya riƙe gida shekara arba'in, ya binne iyayensa, ya ga fari ya ga yunwa, ba zai kasa ɗaukar gaskiyar jikinsa ba. Kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai yiwuwa ya daɗe da gane abin ya wuce basir, yana yin shiru ne don ku, kuna yin shiru don shi. Yana da bashin da zai so ya biya ko ya karɓa, yana da wasiyya, yana da gonar da kuke shawarar sayarwa ba da saninsa ba.

Sai dai ba kai za ka yi masa bayanin abin da ya shafi shimfiɗarsa ba. Kai ɗan fari ne, wataƙila ko sunanka ba ya kamawa, ina zai iya tambayarka abin da ke ransa? Ka nemo amininsa, sa'ansa wanda suke zama tare bayan la'asar, ko shi Baffan in ka shawo kansa, wanda ma zai fi. Ka roƙi likita ya ware musu lokaci, ka shigar da su, ka gaisa, ka fito ka ja ƙofa. A bar shi ya yi tambayoyinsa namiji da namiji. Abin da zai faɗa wa iyayenku mata kuma a bar masa, shi ya san bakin da zai yi. Kalmar dandaƙa ko fiɗiya kada ta fito daga bakin kowa a gidan nan, ko da wasa. In yana da damuwa ta addini, a je wa malamin da ya yarda da shi da cikakken bayanin likita. Cire gaɓa don ceton rai babi ne na lalura, kamar yanke ƙafar mai ciwon suga da ta lalace, kuma wannan magana a bakin malaminsa za ta fi zauna masa. In duk da haka ya ƙi, kada ku tsaya jayayya cutar na tafiya. Ku haɗa kuɗin allura ɗaya a fara da ita. Wata uku nan gaba, in ya ji barci ya dawo, ya kuma ga da kansa abin da allurar ta yi wa jikinsa, sau da yawa dattijo da bakinsa yake cewa a yi aikin a huta.

Masallacin nan da ya daina zuwa ma a yi wani abu a kai, domin zaman ɗaki na karya dattijo. Akwai ƙaramar jakar fitsari da ake ɗaurawa a cinya ko ƙwauri a ƙarƙashin wando, babu mai gani. Ka tambaya a asibiti. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayanin hukuncin mai yoyon fitsari, akwai sauƙi a kansa, liman zai warware masa. A riƙa canza robar a kan lokacin da aka ce, ya sha ruwa sosai, jakar kuma kullum ta kasance ƙasa da mararsa.

Zancen Misira: in kun je, abin da za a fara yi masa shi ne wannan allura ko wannan tiyata, ku dawo gida ku ci gaba da saye. Kada ku sayar da gona don haka. In ƙanenka na da abin bayarwa, ga inda zai yi aiki. Janye sinadarin nan ba ya kashe cutar gaba ɗaya, kwantar da ita yake yi. Galibi bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu takan koyi rayuwa ba shi, ko da yake wasu kan daɗe fiye da haka nesa ba kusa ba. Manyan bincike a Amurka da Birtaniya sun nuna cewa in an ƙara wani magani tun farko, kwana na ƙaruwa da watanni masu yawa, a wasu fiye da shekara. Ɗaya shi ne kemo mai suna docetaxel, ƙarin ruwa sau shida, duk mako uku, ga mai sauran ƙarfi a jiki. Ɗayan ƙwayar abiraterone ce, wadda ake sha tare da prednisolone ana lura da hawan jini da hanta. Ƙa'idarta ƙwaya huɗu ba a ci komai ba, amma wani bincike na Jami'ar Chicago a 2018 ya nuna ƙwaya ɗaya tare da karin kumallo marar maiƙo na saukar da PSA kusan daidai da huɗun, abin da ke rage kuɗin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan shawarar likitan kansa ce, kada ku yanke ta a gida. Kuɗin da tiyata ta tsirar muku daga allura, nan ya kamata ya tafi.

Gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa masu kansa a 2021, wanda ya ƙunshi ta mama, ta bakin mahaifa da ta furostet, aka fara shi a asibitoci shida, ciki har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, da babban asibitin ƙasa na Abuja. Ka je ofishin walwalar marasa lafiya da takardar sakamakon tsoka ka nema, amma kada a dakatar da magani ana jiran sa. In kuma wani ƙashi guda ya matsa da ciwo, gashi da na'ura ko sau ɗaya ne yakan kwantar da shi. Wannan daban yake da gashin ƙashi na motsa jiki. Na'urorin kaɗan ne a ƙasar, don haka ku buga waya ku tabbatar tana aiki kafin ku ɗora tsoho a mota. Masu karatu na Nijar, cibiyar yaƙi da kansa da ke Yamai ta fara irin wannan gashi tun 2021.

Kafin duk wannan, Baba na bukatar barci yau. Ciwo ba abin da za a ce ya daure ba ne. Ku daina sayo masa diclofenac da ibuprofen barkatai sai an ga gwajin ƙodarsa, domin suna iya ƙarasa ƙodar da fitsari ya riga ya wahalar. In paracetamol da magungunan ciwo masu matsakaicin ƙarfi ba su riƙe shi ba, ku nemi likita ya rubuta mofin na sha, wato maganin ciwo mai ƙarfi. Mai ciwon kansa da ke shan sa bisa ƙa'ida ba ɗan ƙwaya ba ne, kuma ba alamar an sallama shi ba ce; a dai haɗa masa da maganin taurin bayan gida. Addu'a da sadaka ku ninka. Zuma da zogale abinci ne, ya ci. Amma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ku nisanta shi da su, kuma duk wani maganin ƙarfin maza, na allura ko na sha, kada ya kusance shi, domin in akwai testosteron a ciki fetur ne a kan wuta. Ya riƙa ɗan takawa a tsakar gida gwargwadon iko, hakan na riƙe masa ƙashi da tsoka.

Saura kai. Namijin da mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan cuta, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran maza, kuma a irin wannan hali daga shekara 40 zuwa 45 ake fara dubawa. Wadda aka kama da wuri labarinta daban ne. Desmond Tutu an gano tasa a 1997, ya rayu har 2021. Nelson Mandela an gano tasa a 2001, aka yi masa gashi na mako bakwai, ya kai 2013. Wasu ma da ake kamawa masu lambar Gleason 6 ba a yi musu komai sai sa ido. Ranar da za ku koma ɗibar tsokar Baba, ka ce wa likita ya rubuta maka naka gwajin PSA, ka yi shi lokacin da ba ka da ciwon fitsari, kwana biyu ba ka kusanci iyali ba. Sannan ka kira ƙanenka na Abuja ka tambaye shi shekarunsa nawa yanzu, in ya kai arba'in shi ma ya je.